Ƙofa ta Biyu: Tarihin Hana Tsararre Ɗaukaka Ƙara, daga Kontagora zuwa Dokokin Soja

1.0 Gabatarwa

Idan hukuma ta kama mutum ta tsare, akwai ƙofofi biyu da zai iya ƙwanƙwasawa. Ta farko ita ce ya roƙi alƙali ya sa a fito da shi gabansa, a faɗi dalilin da ya sa ake riƙe da shi. Ta biyu kuwa ita ce ya ɗaukaka ƙara, in alƙalin farko ya ƙi sauraronsa ko ya kore shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun ƙofa ta biyu a tarihin Arewacin Nijeriya, tun daga kamun Sarkin Sudan na Kontagora a 1902. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tsararru a wannan ƙasa ba su cika faɗuwa a shari'a don hujjarsu ta gaza ba. Galibi ba a kai ga auna hujjar, domin ana samun wata doka ko wani tsari da ya hana a sake dubawa bayan an ce musu a'a sau ɗaya.

2.0 Sammacin da bai zauna da suna ba

Turawan Ingila suna da wata tsohuwar takardar umarni da ake kira habeas corpus da Latinanci, ma'anarta a taƙaice a zo da mutumin da jikinsa. Alƙali ne ke aika ta ga yari ko wani jami'i, ya ce ya kawo wanda ke hannunsa, ya kuma kawo dalili. In dalilin bai dace da doka ba, sai a sallami mutumin nan take. Majalisar Ingila ta ƙarfafa ta da doka a 1679, bayan an gaji da yadda manyan fada ke kai abokan gaba tsibirai masu nisa don kada hannun kotu ya kai gare su. A wannan maƙala za a riƙa kiranta sammacin gabatar da tsararre.

Masu nazarin harshe za su lura da wani abu a nan. Hausa ta ari sammaci da waranti da beli da lauya da joji, ta ari afil, ga kuma ɗaukaka ƙara tata ta gida, duk sun zauna daram a bakin wanda bai taɓa shiga aji ba. Amma wannan sammaci har yau sai an yi masa dogon bayani. Harshe ba ya aron sunan abin da masu shi ba su taɓa riƙewa a hannu ba, kuma tarihin da za a kawo a ƙasa zai nuna dalilin da ya sa bai shiga hannun ba.

Kada a ɗauka cewa tunanin baƙo ne ga ƙasar Hausa. A Muhtasar na Halil, wanda alƙalan wannan ƙasa suka daɗe suna hukunci da shi, an tsara cewa sabon alƙali ya soma aikinsa da duba al'amarin waɗanda ke tsare, kafin ya waiwayi dukiyar marayu da sauran ƙararraki. Haka kuma wanda bai gamsu da hukuncin alƙalin ƙauye ba yana iya kai kuka ga babban alƙalin birni, daga nan zuwa majalisar sarki. Sai dai wannan tsani yana ƙarewa ne a wurin sarki. Idan kuwa sarkin ne ya sa aka tsare mutum, ba wani mataki a sama da shi cikin ƙasar sai kai kuka Sakkwato ko Gwandu, abin da talaka ba ya ko mafarkinsa.

3.0 Sarkin Sudan Ibrahim

Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa Kontagora a 1864, ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim ya hau gadon a 1880, ya shafe shekara ashirin yana kai hare-hare ƙasashen Gwari da Kambari da Dakarkari da Kamuku yana kamun bayi. Ba a buƙatar a yi masa kwalliya. Garuruwa da yawa sun tashi saboda shi, kuma jikokin waɗanda aka kama suna nan suna tunawa. A farkon 1901 sojojin Lugga suka ci Kontagora, Ibrahim ya fice da jama'arsa ya nufi ƙasar Zazzau. Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi gudummawar Turawa a kansa, aka kama shi a 1902, aka kai shi Lakwaja, daga bisani aka wuce da shi Yola. A 1903, shekarar da aka ci Kano da Sakkwato, sai aka mayar da shi Kontagora, ya ci gaba da sarauta har rasuwarsa a 1929.

Abin lura a wannan labari shi ne, hannun da ya kama shi, shi ne ya sake shi. Turawa sun ga ƙasar ta watse, ba su sami wanda jama'a za su taru a ƙarƙashinsa ba, ga shi kuma suna son shiri da gidan Shehu bayan yaƙi ya ƙare. Wato maslahar mulki ce ta ɗaure shi, ita ce kuma ta kwance shi. Da maslahar ta juya ɗaya gefen, da ya ƙare kwanakinsa a baƙon wuri kamar Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903 ya rasu a Lakwaja a 1926, ko Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda shi ma can ya rasu a 1924. Wani zai ce mutum irin Ibrahim bai cancanci a yi masa wata shari'a ba. Amsa ita ce, ai saboda irinsa aka ƙago sammacin, domin wanda kowa ke so ba ya rasa mai ceto.

To, me ya hana shi ko waninsa zuwa kotu? Tun 1900 Lugga ya kafa Kotun Ƙoli a Arewa, da joji Bature, kuma dokokin Ingila na asali suna cikin abin da take aiki da shi. Amma an taƙaita huruminta ga barikokin Turawa da 'yan wuraren da aka keɓe. Sauran ƙasa duka tana ƙarƙashin kotunan lardi da kotunan En'e. Kotun lardi kuwa Razdan ne alƙalinta, wato jami'in da ke mulkin lardin, wanda sau da yawa shi ya ba da umarnin kamun. Lauya ba ya shiga cikinta. Ba a kuma ɗaukaka ƙara daga gare ta yadda aka sani a yau. Abin da ake yi shi ne a aika jerin hukunce-hukunce masu nauyi hedkwata a duba a takarda, ba tare da wanda aka ɗaure ya ce uffan ba. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai Lugga ya shimfiɗa wannan tsari har zuwa lardunan Kudu, lauyoyin Ikko suka yi ta kuka a jaridu.

A yi tunanin mutumin Beri, garin da ke kan hanyar Kontagora zuwa Tegina, cikin ƙaramar hukumar Mariga ta yanzu. Daga 1902 Zungeru ce hedkwatar Arewa, kuma wannan hanya tasa ce ke kaiwa can. A kan ƙasa babu nisa tsakaninsa da mazaunin gwamnati. Amma in hakimi ya sa dogarai sun kai shi gidan yari kan haraji ko kan ƙin aikin tilas, babu takardar da zai rubuta ta kai shi gaban joji. Kukansa zai je ga Di'o in ya zo rangadi, Di'o kuma ya ga dama ya saurara, ya ga dama ya mayar da shi ga wanda ya ɗaure shi.

4.0 Darasin Eleko

Shari'ar da ta fito da wannan matsala fili ba a Arewa aka yi ta ba, a Ikko ne, kuma dalilin a bayyane yake: can ne Kotun Ƙoli ke da cikakken hurumi, can ne kuma lauyoyi suke. Dokar da aka yi amfani da ita kuwa ta shafi ƙasar baki ɗaya, wato dokar 1917 ta kawar da tuɓaɓɓun sarakuna daga ƙasarsu. A 1925 gwamnati ta ce an tuɓe Eshugbayi Eleko, sarkin Ikko, ta kore shi zuwa Oyo. Magoya bayansa, tare da Herbert Macaulay, suka nemi sammacin gabatar da shi. Joji ya ƙi. Suka je gaban wani jojin na kotun, aka ce musu magana ta riga ta ƙare, tunda wani ya yanke.

Nan ne gizo ke saƙa. A tsohuwar al'adar Ingila, wanda aka hana wa wannan sammaci a kan zargin laifi ba shi da hanyar ɗaukaka ƙara. Maimakon haka sai aka bar masa wata kafa: yana iya tashi daga wannan kotu ya je waccan, kowace ta saurare shi tamkar ba a taɓa yi ba. Lauyoyin Eleko suka kai magana Landan, gaban kwamitin shari'a na majalisar Sarkin Ingila, wanda shi ne kotun ƙarshe ga ƙasashen mulkin mallaka. A 1928 kwamitin, ta bakin Lod Hailsham, ya yanke cewa kowane joji na Kotun Ƙolin Nijeriya wajibi ne ya saurari roƙon a kan hujjojinsa, ko da wani ɗan'uwansa ya riga ya ƙi.

Aka dawo Ikko, sai kotunan suka ɓullo ta wata hanya. Suka ce korar sarki aikin mulki ne na Gwamna, ba su da ikon bincika ko sharuɗɗan doka sun cika. Aka sake komawa Landan. A 1931 Lod Atkin ya ba da hukuncin da ɗaliban lauya ke karantawa har gobe: jami'in gwamnati ba shi da ikon taɓa 'yancin mutum ko dukiyarsa sai in zai iya kare halaccin aikinsa a gaban kotu, kuma alƙalai kada su ja da baya don wanda ake ƙara gwamnati ce. Ya umarci kotun Nijeriya ta bincika da kanta ko an tuɓe Eleko bisa al'ada, da ko al'adar ta wajabta masa barin gari. Ba a kai ga yin binciken ba. Sabon Gwamna, Donald Cameron, ya bar shi ya koma gida a wannan shekara, ya rasu a 1932.

Shekara shida ke nan, da tafiya Landan sau biyu, kafin a yarda cewa ya kamata a saurare shi kawai. Kuma a ƙarshe, kamar Ibrahim na Kontagora, alfarmar Gwamna ce ta mayar da shi. Duk da haka bambancin yana da girma. Ibrahim ya koma gida bai bar wa na baya komai ba. Eleko ya bar hukunci biyu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai samu in da an rufe masa ƙofa ta biyu.

Ingila kanta ta sake lale daga baya. A shari'ar wani fursuna mai suna Hastings, tsakanin 1958 da 1959, kotunanta suka ƙi bin ra'ayin 1928, sannan dokar 1960 ta hana yawo daga joji zuwa joji sai da sabuwar hujja, ta ba da ɗaukaka ƙara a madadinsa. Amma zuwa kotun ƙarshe sai da izini. A nan ne kalmar izini ta shigo cikin zancen, kuma za a sake haɗuwa da ita.

5.0 Daga Cameron zuwa dokokin soja

Cameron ya soke kotunan lardi a 1933, ya kafa Babbar Kotu da majistarori, aka kuma buɗe hanyar ɗaukaka wasu ƙararraki daga kotunan En'e. Amfanin wannan ya bayyana a 1947, sa'ad da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba. Amma lauya bai sami shiga kotun alƙali ba, kuma 'yan NEPU na shekarun 1950 sun ɗanɗana kuɗarsu: ɗaurin wata uku ko shida yakan ƙare kafin takardar afil ta kai inda za ta. Tsarin mulkin 1960 ya zo da babin haƙƙin ɗan Adam, a 1963 kuma aka daina zuwa Landan. A wannan shekarar ce Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya bar gado, aka kai shi Azare.

Soja sun zo da wata dabara wadda ta fi ta Lugga sauƙi. Ba su rushe kotuna ba, sai suka riƙa rubuta a ƙarshen kowace doka cewa babu kotun da ke da hurumin tambayar abin da aka yi a ƙarƙashinta. Da Kotun Ƙoli ta yi yunƙuri a shari'ar Lakanmi a 1970, sai gwamnatin Gowon ta fito da Doka mai Lamba 28 ta shafe hukuncin. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta kafa Doka mai Lamba 2, wadda ta ba Shugaban Ma'aikatan Hedkwatar Ƙoli, Tunde Idiagbon, ikon sa hannu a tsare mutum wata uku, a yi ta sabuntawa. Gwamnatocin da suka biyo baya sun gaje ta, sun yi mata gyare-gyare, ba su yar da ita ba. A 1994 Janar Abacha ya ƙara da Doka mai Lamba 14, wadda ta ambaci sammacin gabatar da tsararre da sunansa, ta hana kowace kotu ba da shi. Tana aiki a ranar 20 ga Afrilu 1996, sa'ad da aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, aka ɗauke shi a jirgi zuwa Yola, daga nan aka kai shi Zing. Wani Ibrahim ke nan na gidan Shehu, a kan hanyar Yola, bayan shekara casa'in da huɗu. Shehu Musa 'Yar'aduwa kuwa kotun soja ta musamman ce ta yi masa shari'a a 1995, babu ɗaukaka ƙara zuwa kotun farar hula, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997.

A cikin wannan duhu ma ƙofa ta biyu ta nuna darajarta. An kama lauya Gani Fawehinmi a Janairu 1996. Babbar Kotun Tarayya ta ce ba ta da hurumi, ta kori ƙarar. Da aka ɗaukaka, Mai Shari'a Dahiru Musdapher da abokan zamansa suka ce Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Nijeriya ta shigar cikin dokokinta, ba ta mutu da dokar soja ba, don haka kotu na iya saurare. Kotun Ƙoli ta kammala maganar a 2000. Kafin nan an soke Doka ta 14 a tsakiyar 1996, Janar Abdulsalami Abubakar kuma ya soke Doka ta 2 a Mayu 1999, dab da miƙa mulki.

Akwai abin dariya mai ɗaci a nan. Gwamnati ba ta taɓa raina ɗaukaka ƙara ba in ita ce ta faɗi. Da Babbar Kotun Maiduguri ta ce korar Shugaba Abdurrahman Darman zuwa Cadi a Janairu 1980 haramun ce, gwamnatin tarayya ta garzaya kotun sama. Da kotu ta ba da umarnin sakin Shaikh Ibrahim Zakzaky a Disamba 2016, nan ma an ɗaukaka, aka ci gaba da riƙe shi har 2021.

6.0 Izinin ɗaukaka ƙara

Kwana huɗu bayan tuɓe Dasuki, wato 24 ga Afrilu 1996, Shugaba Clinton na Amurka ya sa hannu a wata doka da ta biyo bayan harin bam na Oklahoma. Ita ce ta tsara abin da ake bi a can: fursunan da kotun tarayya ta ƙi roƙonsa ba ya wucewa gaba sai ya sami takardar izinin ɗaukaka ƙara, kuma ba a ba shi sai ya nuna alama mai ƙarfi cewa an tauye masa haƙƙin tsarin mulki. Wanda ake fara tambaya izinin shi ne jojin da ya kore shi. In ya hana, sai a roƙi kotun sama, wadda sau da yawa takan amsa da 'yan layuka. Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana a 2000 cewa ma'aunin shi ne ko alƙalai masu hankali za su iya saɓawa a kan maganar. Akasarin masu roƙo ba sa samu.

Hujjar masu dokar ba ta banza ba ce. Fursuna yana da lokaci, ba shi da abin da zai rasa, kuma in ba a tace ba ƙararraki marasa tushe za su danne masu tushe. Amma rariya takan riƙe tsaba tare da tsakuwa. Thomas Miller-El, baƙar fata da aka yanke wa kisa a Texas, an hana shi izini duk da cewa masu gabatar da ƙara sun cire goma daga cikin baƙaƙen fata goma sha ɗaya da suka cancanci zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Kotun Ƙoli ta ce a 2003 an yi kuskuren hana shi, a 2005 kuma ta rushe shari'ar.

A takarda, Nijeriya ta fi haka sauƙi. Sashe na 241 na tsarin mulkin 1999 ya ce in hukuncin Babbar Kotu ya shafi 'yancin mutum, ɗaukaka ƙara haƙƙi ne, ba a neman izinin kowa. Ƙa'idojin 2009 sun cire neman izini kafin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam, abin da ƙa'idojin 1979 suka wajabta. Da wannan hanya Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu, wanda aka tuɓe ranar 9 ga Maris 2020 aka kai Loko sannan Awe, ya sami umarnin Babbar Kotun Tarayya ta Abuja cikin kwana huɗu ya fita. Abin da ya ci wa Eleko shekara shida ke nan.

Sai dai Sanusi yana da manyan lauyoyi tsaye tun kafin motar ta bar Kano. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, kuma da yawansu majistare ne ya ba da ajiyarsu a kan laifin da ba shi da hurumin yi wa shari'a, tsarin da Kotun Ƙoli ta amince da shi a shari'ar Lufadeju a 2007. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ga mutumin Beri da ke ajiye a gidan yarin Kontagora, wannan sharaɗi ya cika tun ranar da aka kai shi gaban majistare. Abin da ya rage masa shi ne ya sami lauyan da zai rubuta takardar rantsuwa da Ingilishi, ya shigar a Babbar Kotu. In jojin ya ƙi, sai a biya kuɗin haɗa kundin shari'a, a aika Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja, a jira rana. Danginsa kuwa, waɗanda za su sayar da buhunan masara su biya, a Hausa za a yi musu bayanin abin da ake nema, kuma mai bayanin zai soma ne da neman sunan da zai kira takardar.